Goyon Mufida a Hanyar Dutse

Shafi na 17

Na ga saƙonninku. Masu cewa in tausaya wa Rukayya, ku yi haƙuri da ni. Abin da ya same ta nake rubutawa, ba abin da nake so ya same ta ba.

*

Rana ba ta gama fitowa ba Lukman ya tsayar da babur a ƙofar gidan Malam Alu, wandonsa duk laka har gwiwa. Rabon da Rukayya ta sa shi a ido tun ranar da ya sake ta ta dawo gidan ubanta, an haura shekara ke nan. Yau ɗin ma ba don kanta ta neme shi ba. Da asuba ta kira shi da wayar Inna, ko gaisuwa babu, ta ce jikin yarinyar nan ya rikice, idonta ya yi fari, ko ruwa ba ya zama a cikinta. Bai tambayi komai ba, ya taso daga Madachi.

Inna, mahaifiyar Rukayya, ita ya kamata ta bi shi, don ita ce mai goyon Mufida. Mufida 'yar fari ce. Rukayya ko sunanta ba ta kamawa, balle a gan ta tana yi mata wasa a tsakar gida. Tun da aka yaye ta a bayan Inna take wuni, a ɗakin Inna take kwana. To amma gwiwoyin Inna ba na hawa babur ba ne. Ita da kanta ta ɗora wa Rukayya yarinyar a baya, ta ja zani, ta ƙulle majanyi tamau.

Malam Alu yana zaure a kan buzunsa. Ya amsa gaisuwar Lukman a taƙaice, ya yi wa jikarsa tofi, sannan ya dubi 'yarsa.

"Ki je ki dawo. Ban da tsaye-tsaye a hanya, ban da dogon zance."

"To, Baba."

Ta hau. Ta sa ledar kayan yarinyar a tsakaninta da bayan Lukman, ta riƙe ƙarfen kujera. Ya dubi ledar ta madubi, ya tayar da babur.

Wani ƙaramin asibiti da ke hanyar Kibiya suka fara zuwa. Ma'aikacin ya ja fatar idon yarinyar ƙasa, ya duba tafin hannunta, ya yi mata allura. Ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, jini take buƙata, su wuce Rano yanzu-yanzu. Shi ne kuma ya gaya musu ruwan jiya ya cinye kwalbatin babbar hanya, ko a ƙafa ba a hayewa. Sai dai su zaga ta bayan duwatsu su ɓulla Dawaki.

Lukman ya ce ya san hanyar, ya taɓa bin ta da jaki yana yaro.

Ba hanya ba ce, sawun shanu ne da na masu itace. Ta ratsa gonakin dawa, ganye na marin su ta ko'ina, sannan ta fara hawa. Dutse a dama, dutse a hagu, manya-manya, wani a kan wani kamar an ɗora da hannu. Inda babu dutse sai taɓo. Inda babu taɓo sai tsakuwa mai santsi, tayar baya tana zamewa tana kamawa.

A kan wani hawa mai tsawo abin ya faru.

Babur na ta kuka a giya ɗaya, Lukman ya sauke ƙafafu yana taimaka masa. Tun daga gida Mufida ta cusa hannu ta ƙarƙashin hammatar uwarta ta damƙe mata riga, zafin jikinta kuma yana ratsa zani har ƙashin baya. Sai Rukayya ta ji yarinyar ta banƙare kaɗan, kamar mai miƙar tashi daga barci. Wani ɗumi ya bi bayanta ya gangara. Daga nan hannun ya saki rigar.

Ta jira.

Ta tsayar da nata numfashin don ta ji na bayanta. Babur ya faɗa rami ya fito, kan yarinyar ya bugi kafaɗarta ya koma, ko 'yar ƙara babu.

Ba ta taɓa zama a kan mai mutuwa ba, amma ta sani. Ta laluba cikinta ta nemi kuka, babu shi. Ta nemi salati, bakin ya ƙi buɗewa. Abin da idonta ya tsaya a kai kawai, wuyan rigar Lukman ya yage ta baya, an ɗinke da jan zare, ɗinki karkatacce irin na namiji. Ta yi ta kallon ɗinkin har suka gama hawan.

"Ya jikin nata?" Lukman ya tambaya, bai waiwayo ba.

"Ta yi barci."

"Alhamdulillahi. Allurar ce ta fara aiki."

Daga nan bakinsa ya buɗe, kamar an sauke masa kaya. Da suka ɓulla wani fili a saman dutse sai ga birai sun yi layi a kan fako suna shan hantsi. Ya rage gudu.

"Mufida, ga birai. Kin ga wancan mai ɗa a ciki? Tashi ki gani."

"Ƙyale ta," in ji Rukayya.

Ya yi 'yar dariya, ya ce to a dawowa ya nuna mata. Ya ci gaba da zance da yarinyar. Ya ce mata akuyar da ya ware da sunanta ta haifi biyu. Ya ce rabon da ya gan ta tun ƙaramar Sallah, da aka kai masa ita Madachi ta wuni, ta ƙi yarda da kowa sai shi. Ya ce in ta warke zai ɗora ta a kan tanki su je kasuwar Rano, ta zaɓi takalmi da kanta.

Rukayya na jin sa kamar rediyon maƙwabta. Zafin da ke bayanta yana raguwa kaɗan-kaɗan. Nauyin kuma yana ƙaruwa.

Gangaren ya fi hawan wuya. Sau da yawa sai ta sauka ta bi shi a ƙafa, shi kuma yana riƙe da birki yana jan babur kamar sa mai gardama. A ƙasan gangaren rafi ne, ya kawo ja wur, yana tafe da karmami da rassan itace. Lukman ya naɗe wando, ya shiga ya gwada zurfinsa da sanda, ya dawo ya ce za a iya. Shi zai fara hayewa da babur, ya dawo ya riƙe ta.

Tana tsaye a bakin ruwa wata dattijuwar Bafulatana ta iso da ƙwaryar nono a ka. Suka gaisa. Matar ta sauke ƙwaryar tana gyara gammo, sai idonta ya sauka a ƙugun Rukayya, inda ƙafar Mufida ta zubo daga cikin zani tana reto.

Ta daɗe tana kallon ƙafar. Ta miƙa hannu ta taɓa, ta janye.

"'Yar nan."

"Barci take," in ji Rukayya.

Matar ta dubi fuskarta, ta dubi Lukman da ke tsakiyar ruwa yana kokawa da babur, ruwa har cinyarsa.

"Ya sani?"

Rukayya ta kawar da kai gefe.

Dattijuwar ba ta ƙara tambaya ba. Ta ja bakin hijabin Rukayya ta rufe ƙafar, ta cusa shi a cikin majanyi don kar iska ta buɗe. Ta faɗi wata magana da Fillanci, Rukayya ba ta tsinci komai a ciki ba sai sunan Allah. Da Lukman ya dawo, su biyu suka sa ta a tsakiya suka haye da ita, matar tana riƙe da ita ta ɓangaren ƙafar.

A ƙetare babur ya ƙi tashi, ya sha ruwa. Lukman ya kwance fulogi ya goge da gefen riga, ya hura, ya mayar. Ya yi ta bugawa har gumi ya jiƙa masa baya. Yana yi yana ba yarinyar haƙuri, yana cewa saura kaɗan, ta ƙara daurewa. Rukayya na zaune a kan dutse tana kallon wata tururuwa tana jan fiffiken fara. Da injin ya kama, ta tashi ta hau.

Rana ta take tsaka suka shigo Dawaki, tayar baya a kwance. Wani tsinin dutse ya huda ta tun a baya, a kan haka suka lallaɓo. Mai faci yana gindin ɗorawa, mutane na zaune a benci. Da suka ji asibiti za a je, aka ce a fara yi musu. Kowa ya buɗe baki sai ya ce ya mai jiki, ita kuma ta ce da sauƙi. Ba ta san sau nawa ta faɗa ba.

Lukman ya tsallaka ya dawo da ayaba a leda, ya ce in ta farka ko rabi ce a ba ta, kar a ɗaura mata jini da yunwa. Ya zagayo bayanta zai ɗaga hijabi.

Rukayya ta juya, ta jingina da jikin ɗorawar.

"Kar ka tashe ta."

"Fuskarta kawai zan gani."

"In ta tashi kuka za ta yi ta yi."

Ya janye hannu. Ya ce haka ne, ta fi shi sanin halinta.

Ana sallame Azahar suka hau kwalta. Bayan wunin dutse, titin ya zama kamar shimfiɗa. Lukman ya sakar wa babur wuta, suka wuce Yalwa, duwatsun Rano suka taso a gabansu. Rukayya ta ji tana so titin ya ƙara tsawo. Wannan ne kaɗai abin da ta so tun safe.

A asibiti tun daga bakin ƙofa Lukman yake faɗin jini ake buƙata, nasa zai yi, a ɗiba ko nawa ne. Kafin su isa ɗakin yara har ya naɗe hannun riga. Wata nas mai ɗan shekaru ta tare su, ta ce a sauke yarinyar a kan gado.

Rukayya ta tsaya.

"Baiwar Allah, kwance goyon mana."

Hannunta ya je kan ƙullin majanyin ya tsaya a nan. Nas ɗin ce ta kwance da kanta, ta tallabo yarinyar. Tana tallabowa fuskarta ta canza. Ƙafafun Mufida sun ƙage a buɗe, yadda suka zauna a ƙugun uwarta. Ta kwantar da ita a hankali, ta taɓa wuya, ta ɗaga fatar ido, duk da ta riga ta sani. Sannan ta ja mayafi ta rufe ta.

"Sai haƙuri. Wannan ai ta daɗe da cikawa."

Lukman ya ce a'a, barci take, allura aka yi mata da safe. Ya ce a kira likita. Aka kira, ya zo ya duba, ya faɗi abin da nas ta faɗa. Lukman ya yi salati, ya sake yi, ya zauna a ƙasa a inda yake, hannun rigarsa a naɗe.

Nas ɗin ta dubi Rukayya, ta ga ido a bushe, ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta juya wajen Lukman.

"Kai ne mijinta?"

"Ni ne."

"Uban yarinyar ne," in ji Rukayya.

Nas ta ce ko ma mene ne, ya kula da ita a hanya, irin wannan shirun ba lafiya ba ne.

Ya fita waje ya kira gida, ya kira Malam Alu. Malam ya ce a kawo ta nan inda ta tashi, zai sa a haƙa kabari, su kuma su yi ƙoƙari su iso kafin faɗuwar rana. Wani ya kawo shawarar a nemi mota, aka tuna mota ba ta da hanya. Nas ta kawo shawarar a naɗe ta a zani Lukman ya sa a gaba. Rukayya ta juya baya ta sunkuya. Nas ɗin ta gane. Ta ɗora mata, ta taya ta ɗaurawa.

Suka juyo.

Bai yi magana ba har suka bar kwalta. Bai yi ba a Dawaki, inda mai faci ya ɗaga musu hannu yana tambaya, ya ga fuskar Lukman ya sauke hannun. Rafin ya janye, suka haye ba wuya. Ledar ayaba na rataye a hannun babur tana bugun tanki.

A saman dutse ya kashe injin. Ya yi alwala da ruwan saman da ya taru a wani kwarmi, ya yi La'asar a kan fako. Da ya sallame bai tashi ba. Yana kallon gabas ya yi magana.

"Tun yaushe?"

Tana zaune a gefe, ta miƙe ƙafafu.

"Tun hawan farko."

"Kafin nan wurin?"

"Eh."

"Kika bar ni ina nuna wa gawa birai."

"Eh."

"Kika bar ni na sayi ayaba. Na naɗe hannu a gaban mutane."

"Eh."

Ya juyo. Idonsa ya yi ja, muryarsa kuwa ƙasa-ƙasa.

"Me na yi miki da zafi haka, Rukayya?"

"Ba kai ba ne."

"To mene ne?"

Ta dubi tafin hannunta. Da ta fara magana, muryar ta fito daidai, kamar mai faɗin abin da za a dafa da dare.

"Da na faɗa maka, juyawa za ka yi."

"Dole in juya."

"To da kafin Azahar an kai ta. Inna ta karɓe ta a bayana ta yi mata wanka, maza su fita da ita. Ni ko zaure ba zan leƙa ba."

Ta gyara zaman majanyin, ta ci gaba.

"Tun da aka yaye ta ban goya ta wuni guda ba. In ta faɗi ta nufo ni da kuka, sai in ce je ki wajen Inna, don kar a ce ba ni da kunya. Ko sunanta ban taɓa kira da ƙarfi ba. Yau aka ba ni ita. Sai na ga gara in ƙarasa wunin."

Lukman ya kifa kai a gwiwa. Kafaɗunsa suka fara rawa, kukan ya fito, irin na namijin da bai saba ba. Rukayya ta kalle shi yadda ake kallon baƙo yana kuka a tasha. Ta san ya kamata ta ji wani abu. Ta jira, bai zo ba.

Da ya lafa ya share fuska da hularsa. Bai dube ta ba.

"Ba na ja da ikon Allah. Kwananta ne ya ƙare. Amma da a ɗakinki kike, daga Madachi za mu taso, ba dutse ba rafi. Da kin dawo tun lokacin da na mayar da ke..."

"Ka mayar da wa?"

"Rukayya, yau ba ranar wannan ba ce."

"Ka mayar da wa?"

Sai a lokacin ya ɗago. Ya dube ta sosai, yana neman alamar gatse a fuskarta. Bai samu ba.

"Ba ki sani ba?"

"Me zan sani?"

Ya gyara zama. Ya faɗa mata a hankali, yana yi yana tsayawa. Saki ɗaya ya yi mata, cikin fushi, ranar da ta tafi duba Inna ba ta jira ya dawo daga gona ba. Kafin mako ya zagayo ya yi nadama. Tun ba ta yi nisa da idda ba ya ɗauko Kawu Habu, ƙanen mahaifinsa, suka je zauren Malam Alu. A gaban Kawu ya ce ya mayar da matarsa. Malam ya ce ya ji, ya kuma shaida, amma a ba shi lokaci ya shawo kanta. Bayan 'yan kwanaki Malam ya aiko masa cewa ta rantse ba za ta koma ba, in aka matsa mata za ta shiga duniya. Ya ce kar ya zo gidan, kar ya kira ta, shi zai neme shi in ta huce. Da rani ya tafi kudu neman abinci, ya dawo, ya sake aikawa. Aka ce har yanzu.

"Shi nake jira har yau. Da kika kira ni da asuba na zaci... Da na ga kin sa leda a tsakaninmu, na ce fushin ne bai wuce ba."

"Ba wanda ya gaya min."

"Malam bai..."

"Ba wanda ya gaya min. Na yi idda ta cika. Aka ce min ko tambayata ba ka yi ba."

Iska ta taso ta kaɗa ciyawar da ta tsiro a tsagar dutse. Can ƙasa wani makiyayi na kora shanu, muryarsa na zuwa tana ɓacewa.

"An sa min rana," in ji ta.

"Rana ta me?"

"Da Bello, ɗan aminin Baba, mai sayar da taki a Kibiya. Da an cire amfanin gona za a ɗaura."

Lukman ya miƙe tsaye. Ya taka har bakin dutsen ya dawo.

"Da aurena a kanki?"

Wani abu ne ya faɗo mata. Ita 'yar malam ce, ta tashi tana jin karatun zaure ta bayan katanga tana tsince shinkafa. Ta taɓa jin Baba yana warware wa manyan ɗalibansa wannan mas'alar da bakinsa: mutum ya mayar da matarsa, labari bai same ta ba, ta gama idda ta yi wani aure har ta tare, to ta kuɓuce wa na farko. Ta tuna yadda yake ta hanzarta maganar Bello, yana cewa ba sai an yi wani taro ba.

Ta ajiye wannan a gefen rashin Mufida, kamar yadda ake jera kwanuka. Shi ma bai yi mata zafi ba.

"Tashi mu tafi," ta ce. "Rana za ta faɗi."

Ya tayar da babur. Ta hau yadda ta hau da safe. Suka gangara hawan da Mufida ta cika a kansa, birki na ƙara, ba wanda ya ce wa wani ga wurin. Inuwar duwatsu ta miƙe ta rufe hanya. Gonakin dawa suka sake karɓar su, ganye na marin su, sannan rufin gidajen ƙauyen ya bayyana, rana ta yi ja tana shirin faɗawa bayan dutse.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza sun cika su. Masu haƙa sun dawo, ga magirbi da shebur a jingine da katanga, da jar ƙasa a jikinsu. Malam Alu na tsakiya da carbi. A damansa Bello ne, da farar riga, ya sunkuyar da kai. Daga cikin gida ana jin kukan mata ƙasa-ƙasa.

Lukman ya kashe babur. Wurin ya yi tsit, sai salati daga nan da can.

Inna ta fito har bakin zaure, abin da ba ta yi in maza na waje. Fuskarta ta kumbura. Ta miƙo hannu biyu.

"Kawo ta, Rukayya. Kawo min ita, ruwa na kan wuta."

Rukayya ta sauka. Ƙafafunta sun yi tsami, ta tsaya har suka ɗauke ta. Ba ta nufi Inna ba. Ta bi ta gefenta ta wuce, ta taka har bakin tabarmar maza, da goyonta, da lakar rafi a zaninta. Waɗanda ke gaba suka janye ƙafafu. Ba ta durƙusa ba.

Malam Alu ya ɗago.

"Shiga ciki, Rukayya. Magariba ta kawo kai, a sallami yarinyar nan."

"Baba."

"Na ce ki shiga ciki."

"Ni matar waye?"

Carbin ya tsaya a hannunsa. Bello ya ɗago kai, ya dubi Malam, ya dubi Lukman da ke tsaye a jikin babur. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya fasa magana.

Malam Alu bai dubi 'yarsa ba. Ya buɗe baki, amma ba daga wurinsa amsar ta fito ba. Daga bayan Rukayya ta fito, daga bakin zaure, inda Inna ke tsaye har yanzu da hannuwa a miƙe.

"Ƙyale Malam," in ji Inna. "Ni na hana shi gaya miki."